Rage teɓa ba tare da zubar da ƙarfi ba: wane tsarin ɗaga ƙarfe ya dace da matashin Gaya?

A Gaya, garin da ke bakin kogin Neja cikin jihar Dosso, ɗaukar nauyi ba sabon abu ba ne. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa garin da Malanville ta ƙasar Benin, kaya da mutane suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale, kuma kafaɗun 'yan dako ne ke loda buhunan suna sauke su. Sai dai akwai wani rukunin matasan da aikinsu zama ne: mai tsaron shago, mai canji, ma'aikacin ofis, ɗan kabu-kabu da ke wuni a kan sirdin babur. Su ne tumbi ke kamawa tun kafin su kai shekara talatin, su ne kuma ake gani da yamma a bayan gida suna ɗaga siminti da aka daskarar cikin gwangwanaye biyu, aka sanya ƙarfe a tsakani.

Gardamar da ke tsakaninsu guda ce. Wanda ya rage cin abinci don ya sauke kitse, shin ƙarfe marar nauyi zai riƙa ɗagawa sau talatin ko arba'in har zufa ta jiƙa shi, ko kuwa ya ci gaba da mai nauyi?

Ra'ayi na farko ya fi karɓuwa, wataƙila saboda zufa ana ganinta da ido. Amma zufa ruwa ce da gishiri. Wanda ya ɗaure cikinsa da leda ya yi gudu cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, zai iya ganin kilo guda ya tafi a sikeli, ya kuma dawo da shi da zarar ya sha ruwa. Abin da ke cinye kitse shi ne jiki ya ƙona fiye da abin da ya shiga cikinsa, kuma galibin wannan aikin a kwano ake yin sa. Aikin ƙarfe daban ne. Idan abinci ya ragu, jiki ba kitse kaɗai yake ci ba, yana taɓa tsoka ma. Nauyin da mutum ke ɗagawa shi ke nuna wa jiki cewa har yanzu ana buƙatar tsokar nan. Shi ya sa wanda ya rage abinci ya kuma ajiye ƙarfe mai nauyi yakan rame ya yi laushi, kamar wanda ya tashi daga jinya.

An gwada wannan a jami'ar McMaster ta Kanada, a binciken da aka wallafa a 2016. An rage wa samari abinci da kashi 40 cikin ɗari na tsawon mako huɗu, suna atisaye mai tsanani kwana shida a mako. Waɗanda aka bai wa furotin mai yawa, giram 2.4 a kan kowane kilo na nauyinsu, sun sauke kitse kusan kilo biyar, tsokarsu kuma ta ƙaru da kimanin kilo ɗaya. Waɗanda aka bai wa rabin hakan tsokarsu ta tsaya inda take. Wannan tsari ne na gwaji da masana ke sa wa ido, ba na wanda zai fita neman abinci da safe ba, amma ya nuna inda maganar take.

Ga mai harkar yau da kullum, kwana uku a mako sun isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Kowace rana a taɓa jiki duka: tsugunno da nauyi don ƙafafu, ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a miƙe, tura nauyi daga ƙirji da kuma sama da kai, sai jan jiki a kan sandar ƙarfe. Kowane motsi zagaye uku, kowane zagaye sau shida zuwa goma sha biyu, da nauyin da idan an gama ake jin saura biyu kawai a hannu. Tsarin nan na bidiyon TikTok, yau ƙirji, gobe baya, jibi hannu, har kwana shida, an gina shi ne don mai cin abinci ya ƙoshi ya kuma yi barci isasshe. Wanda ke cikin ragin abinci, idan gajiya ta kama shi, gara ya rage yawan zagaye ya bar nauyin yadda yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tafiyar ƙafa zuwa kasuwa ko bakin kogi tana cikin lissafin. Shi kuwa ɗan dako mai sauke buhu mai kilo 50 tun safe, bayansa da ƙafafunsa sun riga sun yi aikin ranar. Ya ƙara musu ɗaga ƙarfe daga ƙasa da yamma, ciwon baya yake saye, kuma ranar da bai fita ba babu mai biyan sa.

Atisayen ciki ɗari a rana ba ya narkar da tumbi. Yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashi, kitsen na nan a samanta har sai na jiki duka ya ragu.

Batun kwano shi ne ya fi wuya, domin a gidajenmu tuwo da shinkafa ke cika ciki, nama kuwa yanka ɗaya ne ko biyu. Bincike da dama sun tsaya a kan kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo. Mai kilo 75 ke nan yana neman giram 120 a rana, alhali ƙwai guda giram shida ne kacal. A nan Gaya ta fi garuruwa da yawa sa'a: ga kifin kogi, ɗanye da busasshe, ga wake, ga awara, ga nono da ƙuli-ƙuli, ga zogale na kwaɗo. Abin da za a rage kuma sananne ne. Cokali babba guda na mai ya kai kalori 120, kuma mai sayar da shinkafa da wake ba cokali guda take zubawa ba. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya na ɗauke da sukari kusan giram 35. Shayin fada kuwa, na fari da na biyu da na uku, babu mai ƙirga sukarinsa.

Saurin da ya dace shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki a mako. Ga mai kilo 90, tsakanin rabin kilo da kusan kilo guda ke nan. Duk shayin rage ƙiba da ya yi alkawarin kilo goma a wata, sau da yawa gudawa da fitsari yake jawowa. Tramadol kuma, da wasu ke sha don kada su ji gajiya, yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, yana iya jawo farfaɗiya, yana kuma kama mai shan sa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita kafin ya taɓa ƙarfe mai nauyi ko ya rage abinci.

Yaran jihar Dosso da yawa idonsu na kan Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobin kokowa na shida a gasar Agadez ta 2023. Amma ɗan kokowar takobi nauyi makami ne a wurinsa, ba ragewa yake nema ba, don haka cimarsa da atisayensa ba su ne na mai son sauke tumbi ba.

'Yan Gaya da ke zaune a Kwatano, Legas ko Faransa, inda ake biyan kuɗin gidan motsa jiki duk wata, injinan da ke gabansu ba su canza lissafin ba. Abin da suka fi na gida da shi kawai shi ne an rubuta kilo a jikin ƙarfen. Mai siminti a gwangwani zai iya kai nasa wurin mai sikelin awon kaya a kasuwa ya san nauyinsa, ya rubuta a littafi abin da ya ɗaga kowane mako, ya kuma auna ƙugunsa da tef ɗin tela daidai cibiya, da safe kafin ya karya.