Wa zai tsaya maka?

A wani gidan mai da ke kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ofishin manaja ɗaki ɗaya ne: tebur, littafin ciniki, sai sandar awon tanki jingine a lungu. Nan ake ganawa da masu neman aiki.

Wani saurayi ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya miƙa takardar gama sakandare. Manaja ya ajiye ta gefe, ko buɗewa bai yi ba.

"Samari, ɗan gidan wa ne kai?"

"Ranka shi daɗe, babana dillali ne a kara."

"To, wa zai tsaya maka?"

Amsar wannan ita ce rabin jarrabawar. Sauran kuwa lissafi ne da ka. Ɗan kabu-kabu ya sha lita uku da rabi, ya ba ka dubu biyar, nawa ne canjinsa? Wanda ya lalubo waya a aljihu ya faɗi.

Tsaurin yana da dalili. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ba ta kuma tsaya nan ba. Ɗan giɓin da a da ake yafewa, yanzu daga albashi ake cire shi. Ga kuma iyakar Nijar a kusa. A 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan a 2021 gwamnatin Sakkwato ta hana sayarwa a jarka don toshe wa 'yan bindiga hanya. Shi ya sa manaja ke ajiye tambaya guda sai ƙarshe:

"In wani ya zo da dare da jarkoki, ya ce zai ninka maka kuɗi fa?"

Ba amsar yake saurare ba, idon yaron yake kallo.

Washegari kawun saurayin ya zo ya dangwala yatsa a takarda: in dukiya ta salwanta, shi za a nema. Aka haɗa yaron da wani tsohon hannu a bakin famfo. Bayan magariba manaja ya haska mita da tocila, ya ƙirga kuɗin jaka sau biyu. Suka zo daidai. Ya rufe littafi, ya ce, "Gobe ka yi sammako."