Tafintan Na'ura da Matsalar Ƙarancin Wuri

Batunmu na yau shi ne kamfaila, watau tafintan da ke ɗaukar shirin da ɗan Adam ya rubuta ya mai da shi umarnin da kwamfuta ke ganewa. Tambayar ita ce: wane irin ƙoƙari wannan tafinta yake yi wajen rage girman shiri?

Tambayar tana da muhimmanci, domin yawancin kwamfutocin duniya ƙanana ne ƙwarai, suna ɓoye cikin motoci da mitar lantarki da kayan asibiti. Alal misali, ƙwayar ATmega328P da ke cikin allon Arduino Uno bayit 32,768 kaɗai take da shi na ajiye shiri. Idan shiri ya zarce wurin da ake da shi ko da bayit ɗaya ne, ba zai shiga ba. Sai dai a sayi ƙwaya mafi tsada, kuma ga kamfanin da ke ƙera kaya miliyoyi wannan asara ce babba.

Tun lokacin da John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fito da kamfailar FORTRAN a 1957, sauri ne aka fi ba fifiko. Amma fa taura biyu ba ta taunuwa. Don neman sauri, tafinta yakan kwafi ɗan sashen shiri ya dasa shi a duk inda ake kiransa, yakan kuma warware maimaici ya rubuta shi sau huɗu ko takwas a jere. Duk waɗannan suna kumbura shiri. Saboda haka GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987, tana da zaɓin -O2 don sauri da -Os don ƙanƙanta.

Idan aka zaɓi ƙanƙanta, tafinta yakan bar warware maimaici, ya zubar da umarnin da ba za a taɓa isa gare shi ba, ya yi lissafin da amsarsa sananniya ce tun kafin shiri ya fara aiki. Bugu da ƙari, a lokacin haɗa sassan shiri wuri ɗaya, ana iya jefar da ayyukan da babu mai kiransu. A irin wannan tsintar ƙasa-ƙasa ya fi mutum haƙuri nesa ba kusa ba.

To, amma yana da iyaka, kuma hankali ne ya tabbatar da ita. A ce akwai tafintan da kullum yake samar da shiri mafi ƙanƙanta. Duk shirin da ke zagaye har abada ba tare da fitar da komai ba, zai mai da shi umarni guda mai komawa kansa. Da ganin haka sai mu gane cewa shirin ba ya tsayawa. Alhali Alan Turing ya nuna a 1936 cewa babu wata hanya da za ta bambance, ga kowane shiri, mai tsayawa da marar tsayawa. Ashe ke nan cikakken tafinta ba zai samu ba. Ko dabarar Henry Massalin ta 1987, ta gwada duk jerin umarni har a sami mafi gajarta, ga 'yan umarni kaɗan kawai take yiwuwa, don yawan gwajin ninkuwa yake yi da kowane ƙari.

Har wa yau, wajibi ne tafinta ya riƙe amanar abin da aka rubuta. Ba shi da ikon ya ce wannan hanyar lissafi ba ta dace ba, ko wannan babban ɗakin ayyuka da aka jawo don buga layi ɗaya almubazzaranci ne. Wannan hukunci na marubucin shiri ne, kuma sau da yawa a nan ne ragi mafi yawa yake. Saboda haka ɗalibin da zai shiga wannan fanni ya saba da auna girman shirinsa bayan kowane gyara, ya kuma koyi karanta abin da tafinta ya fitar.