Kaza da Haɗin Cikinta, Ganye da Romo: Me Suke Yi wa Jikin Ma'aikacin Masana'anta?

Gabatarwa

Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu inda gaskiyar wannan karin magana ta fi fitowa fili kamar unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda ake jimar fatu, ana sarrafa roba, ana tatsar mai, kuma mafi yawan aikin da ƙarfin jiki ake yin sa. A wurin ma'aikacin waɗannan wurare kaza abincin ranar albashi ce, ko ranar salla, ko walima. Tun da ba kullum ake samunta ba, ya kamata a san abin da take yi wa jiki. Wannan maƙala za ta ɗauki akushi guda na gasasshiyar kaza da haɗin da aka cusa mata a ciki, da ganye, da romo, ta auna amfanin kowanne, domin a ga cewa darajar akushin ba a kan tsoka kaɗai ta tsaya ba.

Tsokar kaza

Masana abinci sun kasa abin da ake ci gida uku: mai gina jiki, da mai ba da kuzari, da mai kare jiki daga cuta. Kaza tana cikin kashi na farko. Giram 100 na gasasshen ƙirjin kaza wanda aka cire wa fata yana ɗauke da furotin wajen giram 31, da kuzari wajen kalori 165. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2007, baligi yana bukatar furotin giram 0.83 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Ashe ke nan mutum mai kilo 65 yana bukatar wajen giram 54, yanka guda na ƙirji kuwa ya biya masa fiye da rabi. Bugu da ƙari, furotin ɗin kaza cikakke ne, domin ya ƙunshi dukkan sinadaran amino tara waɗanda jiki ba ya iya ƙera su da kansa. Maiƙon kaza kuwa ya fi taruwa a fata, shi ya sa giram 100 na gasasshiyar kaza da fatarta yakan kai kalori 240.

Haɗin ciki

A Ingila, inda gasasshiyar kaza ko talotalo take abincin ranar Lahadi da na Kirsimeti, burodi da albasa da ganyen ƙanshi ake cusawa. A ƙasar Hausa kuwa akan cusa shinkafa, ko dafaffen ƙwai, tare da albasa da hanta da ƙundu. Wannan haɗi, wanda ake ɗauka kwalliya ce kawai, shi ne makamashin ma'aikaci. Giram 100 na dafaffiyar shinkafa yana ba da kalori 130, ƙwai guda kuma yana ba da furotin giram 6. Hanta ta fi tsoka arzikin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A, da bitamin B12.

Alal misali, a haɗa kaza giram 150 da fatarta, da shinkafa giram 200, da ƙwai guda, da babban cokali ɗaya na man gyaɗa, da ɗan ganye. Jimillar za ta kama tsakanin kalori 850 da 900. Namiji mai aikin ƙarfi, kamar mai jidar ɗanyun fatu a Challawa ko mai lodin buhuna a Bompai, yana ƙona kalori 3,000 ko fiye a yini. Watau wannan akushi, duk da alfarmarsa, bai kai sulusin bukatarsa ta kuzari ba, alhali ya kusa cika masa bukatar furotin ta yini guda. Wanda ya kashe kuɗinsa duka a kan nama ya bar hatsi zai tashi da yunwa, jikinsa kuma ya koma ƙona furotin mai tsada a madadin tuwo mai araha.

Akwai kuma haɗari a nan. Ɗanyar kaza takan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, mai kawo zazzaɓi da gudawa, ruwan jikinta kuma yana tsiyaya cikin abin da aka cusa. Zafi yana daɗewa kafin ya ratsa tsakiya, saboda haka bayan kaza yakan yi ja alhali cikinta bai nuna ba. Ƙa'ida ita ce tsakiyar haɗin ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. Hanya mafi sauƙi ga mai girki ita ce ta dafa haɗin daban.

Ganye

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a yini. Zogale da alayyafo da karas suna ba da sinadarin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A mai kyautata gani, kuma ɗan man da ke cikin girki yana taimaka wa hanji ya tsotse shi. Tumatir da tattasai da kabeji suna ba da bitamin C, wanda yake taimakon jiki wajen cin moriyar sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake. Sai dai doguwar tafasa tana lalata shi. Shayi mai kauri nan take bayan cin abinci shi ma yana rage tsotsar ƙarfen.

Amma a waɗannan unguwanni tambayar ba ta tsaya ga yawan ganye ba, ta kai ga inda aka noma shi. Ruwan dagwalon masana'antun Bompai yana gangarawa rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, na Challawa kuma yana faɗawa kogin Challawa. A gefen waɗannan ruwaye akwai 'yan lambu masu ban ruwa da rani. Binciken masana ya sha nuna ƙarafa masu guba, irin su kuromiyam da ake jima da shi, da dalma, a cikin ruwan da ƙasar da ganyayen wuraren. Wanki yana kawar da ƙasa da dattin waje, amma ba ya fitar da abin da tsiro ya sha ta saiwarsa. Gyaran wannan yana wuyan masu masana'antu da hukuma, ta hanyar tace ruwa kafin a sake shi.

Romo

Romo yana riƙe da wani kaso na bitamin da ya narke daga nama da ganye, saboda haka zubar da shi asara ce. Aibinsa gishiri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau wajen ƙaramin cokali guda. Dunƙulen ɗanɗano kuwa babban kaso na nauyinsa gishiri ne, ga shi ana ƙara masa gishirin gari. Yawan gishiri yana haddasa hawan jini, ciwon da ba ya sallama kafin ya shigo. Daddawa da citta da tafarnuwa da kanumfari suna ba da ɗanɗano, sai bukatar dunƙule ta ragu.

Kammalawa

A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Mai ɗaukar irin wannan, ga iyali, ba zai ci kaza kullum ba, kuma jikinsa bai bukaci haka ba. Busasshen wake kusan rubu'in nauyinsa furotin ne, kuma yana cike giɓin sinadarin laisin da hatsi yake da ƙarancinsa, saboda haka shinkafa da wake ko ɗanwake da ƙwai suna tsaya masa a sauran ranaku. Ranar da kaza ta samu kuwa, a raba ta ga mutanen gida duka, musamman yara da masu juna biyu, a yawaita hatsi, a nemi ganyen da aka san lambunsa, a sassauta gishirin romo. Lafiya uwar jiki, kuma ita ce jarin wanda ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa.