Kasuwar Tanout da Gidan Tarihin Damagaram

Mutumin Tenhya ko Belbeji da ke son ganin aikin hannun ƙasarsa, wuri biyu ne a gabansa. Ɗaya kasuwa, musamman ta Tanout, inda Buzu da Bafillace da Bahaushe da Babarbare ke cuɗanya tun zamanin da ayarin Abzin ke gangarowa sayen geron Damargu. Ɗayan kuma gidan tarihin jiha da ke Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 150 daga Tanout. Na daɗe ina auna su a raina, ina tambayar wanne ne a cikinsu yake riƙe mana adonmu.

Kasuwa tana da abin da gidan tarihi ba zai taɓa samu ba, wato hannun mai sana'a yana kan aiki. Ka tsuguna gaban matar maƙeran Buzaye ka gani. Fatar akuya ce a cinyarta, an jeme ta da bagaruwa, an rina ta ja da karan dafi. Da 'yar wuƙa take tsaga geza siri-siri, ba awo, ba zane a takarda, amma kowane zare ya fito daidai da ɗan'uwansa. Sai ta ɗauko ƙyallen koriyar fata da bai wuce faɗin yatsa biyu ba, ta liƙa a tsakiyar jakar, nan take jakar ta yi rai. Ka taya, ta ce albarka, ku daidaita, kuɗin ya shiga hannunta, da shi za ta auni hatsi kafin la'asar. Babu taimakon da ya kai wannan saurin isa ga mai sana'a.

Sai dai kasuwa ba ta da alƙawari. Abin da ake nema yau shi take shimfiɗawa, na jiya kuwa ta manta da shi. Jarka ta kori salka. Kwanon roba ya kori akushi. Faifan da ake saƙawa da kaba rinanniya yanzu har da zaren buhu ake haɗa shi. Ina yaro, idan ƙwaryar kakata ta tsage, ajiye ta ake yi har gyartai ya zo, ya huda gefe da gefe, ya ɗinke tsagar, ɗinkin ma ya zama wani ado a kan zanen. Rabona da jin kiran gyartai na manta. Ba na ganin laifin uwar gida da ta zaɓi roba, ita ta san nauyin tulu da tsadar ƙwarya. Amma zanen da ke jikin ƙwaryar fa, ina ya tafi?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kasuwa ke zama ƙofar fita a shekarun wahala. A farin 1973 da na 1984, da dabbobi suka ƙare, makiyaya da yawa sun fito da kayan gado: azurfar mata, takubba, siraden raƙuma masu ado. Aka saye su da araha, suka bi hannun dillalai. Yau kayan Buzaye suna cikin gidan tarihin Quai Branly na birnin Paris, wanda aka buɗe a 2006, ana lallaɓa su kamar ƙwai. Jikan wanda ya ƙera irinsu kuwa, in yana son ya kwaikwayi aikin kakansa, ba shi da abin dubawa.

A nan gidan tarihi yake da rana. Ba ya ciniki, saboda haka yunwa ba ta fitar da abin da ya shiga cikinsa. Gaskiya ne sirdi a kan kanta ba raƙumi abu ne mai ban kewa, kuma wurin yana da nisa ga mai kiwo a arewacin Tanout. Gaskiya ne kuma mun daɗe muna ɗaukar irin waɗannan gidaje a matsayin wurin Turawa masu yawon buɗe ido, ga shi rashin tsaro ya janye ƙafarsu daga yankin shekara da shekaru. To idan baƙo ya daina zuwa, mai gida kuma bai taɓa leƙawa ba, da me za a gyara rufin da ke yoyo?

A Yamai an gwada haɗa biyun. Gidan tarihin ƙasa, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana da rumfunan masu sana'a a harabarsa. Ka ga tsohon aiki a ɗakin ajiya, ka fito ka tarar da maƙeri da baduku da masaƙi suna yin sabo, ka saya. Wannan tsari nake yi wa jiharmu fata, domin Yamai ta yi wa Damagaram nisan kusan kilomita 900, balle Tenhya.

In aka tilasta mini zaɓi, ƙafata ta fi sabawa da kasuwa, amma hankalina ya fi karkata ga gidan tarihi, don shi ne ba shi da mai tallata shi. Mutanenmu kullum suna kan hanyar Damagaram, wani asibiti, wani jarabawa, wani sarin kaya. Awa ɗaya da kuɗin shiga ba za su karya kowa ba. Malamin makaranta ya kai ɗalibansa, daga nan su zaga unguwar Birni su ga zanen bangon gidaje da fadar Sarki, gani ya kori ji.

Akwai ƙwarya guda da ta rage daga jeren kakata, mai ɗinkin gyartai har wuri biyu. Na nemi izinin iyayena mata, sun amince. Bayan girbi zan kai ta gidan tarihin Damagaram, tare da takarda mai sunan ƙauyenmu da sunan zanen kamar yadda tsofaffi ke kiransa.