Haɗa magunguna wajen jiyyar sankarar kai da wuya da ta yi nisa

Za mu duba a nan abin da ake samu idan aka haɗa magani biyu ko uku wajen jiyyar sankarar baki, harshe da maƙogwaro, a lokacin da ta bazu cikin jiki ko ta dawo bayan fiɗa da gashi. A wannan mataki ba kasafai ake warkewa ba. Abin da likita yake nema shi ne ƙarin kwana da sauƙin ciwo.

Hujjar haɗin ita ce kowane magani da inda yake kama cutar. Sisplatin yana lalata ƙwayar gadon sankarar, fluworo-urasil kuma yana hana ta abin da take bukata don ta hayayyafa. An daɗe ana aiki da waɗannan biyu tun shekarun 1980. Ƙari yakan motse, amma kwanan majiyyaci bai cika ƙaruwa ba.

A shekarar 2008 Vermorken da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin EXTREME, wanda ya shafi majiyyata 442. Sun ƙara setuksimab, maganin da ke toshe wata kafa da ke umurtar ƙwayar sankara ta girma. Tsaka-tsakin rayuwa, wato lokacin da rabin majiyyata suke nan da rai, ya tashi daga wata 7,4 zuwa wata 10,1. Mai karatu zai ce bai kai wata uku ba. Haka ne, amma kafin nan an yi shekaru ba a matsa ko kaɗan ba. A 2019 gwajin KEYNOTE-048 ya sa pembrolizumab, mai zaburar da garkuwar jiki, a gurbin setuksimab, aka samu wata 13 maimakon 10,7.

A ganinmu, ba a yi wa waɗannan alƙaluma adalci ba sai an auna su da wahalar da ke tattare da su. Sisplatin yana taɓa ƙoda da ji, fluworo-urasil yana sa gyambon baki ga mutumin da haɗiya ta riga ta gagare shi. Shi ya sa gwajin TPExtreme na ƙungiyar GORTEC ta Faransa, a 2021, ya ja hankalinmu: an cire fluworo-urasil aka sa dosetaksel, zagayen magani ya koma huɗu maimakon shida. Kwana bai ƙaru ƙwarai ba, sai dai majiyyata sun fi jure jiyyar.