Rana Ce Farko Ko Wata?

Ɗalibin da wata jami'ar Amurka ta rubuto wa 03/09/2025 zai iya ɗaure kayansa yana jiran 3 ga Satumba, alhali 9 ga Maris ake nufi. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Amurkawa kuwa da wata suke farawa. Ruɗanin na tasowa ne idan ranar ba ta wuce 12 ba, tunda babu wata na 13.

Lissafin awa ma yana kayar da mutane. Awa minti 60 ce, don haka awa 1.5 na nufin awa ɗaya da minti 30. Motar da ta tashi daga tasha ƙarfe 8:45, ta yi awa biyu da rabi a hanya, ƙarfe 11:15 za ta isa.

Tsawon shekara ma ya bambanta: shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, ta Miladiyya 365 ko 366, shi ya sa azumi ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Don kauce wa ruɗanin rana da wata, a takarda mai muhimmanci gara a rubuta sunan watan da harafi.