Tashen balaga da hannun mai jifa: abin da filayen besbol suka koya wa iyaye

A Amurka da Japan da tsibiran Karibiyan, wasan besbol yana da matsayi a zukatan yara kamar yadda ƙwallon ƙafa take a wurin namu. Jigon wasan shi ne mai jifa, wanda yake wurga wata ƙaramar ƙwallo da nauyinta bai kai giram 150 ba zuwa ga mai bugu da sanda. Masu horo a can sun daɗe da lura da wani abu: yaron da ya ƙware da jifa yana ɗan shekara 12, sau da yawa idan ya kai 13 ko 14 sai saitinsa ya ɓace, ya riƙa kukan ciwon gwiwar hannu. Wasu iyaye kan ɗauka lalaci ne, su ƙara masa horo. A nan ne kuskuren yake.

Mu fara da jikin kansa. A shekarar da tashen balaga ya fi ƙarfi, ɗa namiji kan ƙara tsawon santimita 9 zuwa 10. Girman kuma ba ya zuwa tare. Tafin hannu da na ƙafa su ne kan gaba, sai damatsa da ƙafafu, daga baya gangar jiki ta biyo. Ƙashi yakan riga tsoka miƙewa, don haka cinyoyi da ƙugu suke ɗaurewa, ƙarfin tsoka kuwa sai bayan watanni yake kamo tsawon.

Shi jifa ba aikin hannu kaɗai ba ne. Ƙarfinsa yana tasowa daga ƙafar da ta taka ƙasa, ya bi ta ƙugu, ya ratsa gangar jiki da kafaɗa, kana ya fita ta yatsu. Kowace gaɓa tana da lokacinta. Idan ƙafa ta ƙara tsawo, takun ya canza. Idan ƙugu ya ɗaure, juyawar ta makara. Sai hannu ya ɗauki nauyin da ya kamata jiki duka ya raba. Ga shi kuma a daidai wannan shekaru ake ɗauke yaro daga filin ƙanana, inda tazarar jifa take mita 14, zuwa na manya mai fiye da mita 18.

Haɗarin yana cikin ƙashi. A bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai guringuntsi wanda daga gare shi ƙashin yake tsawo, kuma ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Na cikin gwiwar hannu ba ya rufewa sai wajen shekara 15 ko 16. Jifa mai yawa yana jan wannan wuri har ya kumbura, wani lokaci ma ɓangaren ƙashin ya ɓalle. Tun a 1960 likitocin Amurka suka laƙaba wa wannan ciwo sunan Little League, ƙungiyar wasan yara da aka kafa a 1939 a jihar Fensilbaniya.

Bincike ya tabbatar da cewa yawan jifa ne babban mai laifi. A 2011, Dokta Glenn Fleisig da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bibiyar yara 481 na tsawon shekara 10: waɗanda suka yi jifa a zagayen wasa fiye da 100 a shekara sun ninka sauran sau 3 da rabi wajen samun mummunan rauni. Tun kafin haka, a 2007, Little League ta kafa dokar ƙirga jifa: kada ɗan shekara 11 ko 12 ya wuce 85 a yini, kuma dole ya huta kwanaki bayan haka. A 2014 hukumomin wasan suka ba da shawarar hutun wata 4 daga jifa a kowace shekara. Japan ma, inda Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa guda na gasar makarantu ta Koshien a 1998, ta ƙayyade 500 a mako daga 2020.

Masu horon kirki sukan auna tsawon yaro kowane wata uku. Idan suka ga ya miƙe farat ɗaya, sai su rage jifa, su ƙarfafa motsa ƙugu da ƙafafu, su bar shi ya saba da sabon jikinsa. Idan ya yi kukan ciwo, sai ya ajiye ƙwallo ya ga likita.

Ko da ba mu buga besbol, irin wannan guringuntsi yana ƙasan gwiwa da dunduniyar ɗanmu mai ƙwallon ƙafa. Idan muka ga wandonsa ya ɗage, wasansa ya ja baya, kada mu yi masa gori, kada kuma mu ce ya daure. Mu ba shi hutu da abinci mai gina jiki. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.